Me yasa famfo baya shiga unguwannin awon igiya, kuma bohol zai iya raba gardama?

Wani ɗan'uwa ya tambaye ni, yace me yasa a manyan birane zakaga unguwannin da aka tsara ruwa na zuwa musu har cikin banɗaki, amma unguwannin da talakawa suka yanka fili sukai gini da kansu ba tsari, irin waɗanda muke cewa awon igiya, su kullum sai dai sayen ruwa a jarka? Yace rashin kuɗin biya ne, ko ruwan ne bai isa ba, kuma in an tona musu bohol a kowane layi ai shikenan an huta ko?

Toh malam, na daɗe ina aikin rarraba ruwa a birni, tun daga zanen hanyar bututu har zuwa zama da mutanen unguwa ana ja-in-ja a kan inda za'a kafa mita, kuma abinda zan fara gaya maka shine ka cire batun rashin kuɗi daga ranka. Wallahi babu wanda yake sayen ruwa da tsada a cikin birni kamar talakan da bashi da famfo. Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2006 kan cigaban ɗan Adam ya nuna cewa mazauna irin waɗannan unguwanni a Jakarta ta Indonesiya da Manila ta Filifin da Nairobi ta Kenya suna biyan ninki 5 zuwa 10 a kan kowace lita fiye da masu hali na cikin garin nasu, kuma duk wanda ya taɓa zama ya lissafa da biro zai gane dalili. Ruwan da ya biyo bututu hannu ɗaya ya ratsa, daga matata zuwa gidanka. Na jarka kuwa sai ya bi ta hannun mai tanka ko mai bohol, ya bi ta hannun mai wurin sayarwa, sannan ɗan garuwa ya turo shi da ƙarfinsa cikin lungu, kowanne kuma dole ya ci abinci a ciki, ba laifinsu bane. Kaga kenan mutumin da yake iya biyan wannan kullum ta Allah, shine za'a ce bazai iya biyan bil na wata ba?

Abinda yake hana su ruwa a mafi yawan wurare takarda ce. Hukumar ruwa kafin ta jona maka zata ce kawo shaidar mallakar fili, ko lambar gida, ko izinin gini, mutumin awon igiya kuma bashi da ko ɗaya, in ma ɗan haya ne a ɗaki ɗaya toh maganar bata taso ba. Su kuma mahukunta suna tsoron cewa ranar da aka kai bututu unguwa an amince da zamanta kenan, gobe in an tashi rusau za'a nuna musu rasit ace ai kune kuka jona mana. Sai a bar mutane shekara 20, 30 a matsayin wai zaman wucin gadi sukeyi, an haifi yara a wurin sun girma sun haifi nasu. A Mumbai ta Indiya abin har doka aka maida shi, duk unguwar da aka kafa bayan 1 ga Janairu 1995 ba'a jona mata ruwa, haka aka tafi sai a Disambar 2014 babbar kotun birnin ta yanke hukunci cewa ruwa yana cikin haƙƙin rayuwa, ko gidan mutum na bisa ƙa'ida ko ba na bisa ƙa'ida ba. Dama tun 28 ga Yulin 2010 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa ruwan sha mai tsafta haƙƙin ɗan Adam ne. Ni dai ra'ayina a nan bana ɓoye shi, rigimar fili daban ƙishirwar yaro daban, wanda ya haɗa su ya zalunci yaron. Kuma ba mutane kaɗan ake magana ba, sama da mutum biliyan 1 ne suke zaune a irin waɗannan unguwanni a duniya.

Bayan takarda sai kuɗin jona ruwa, wanda shine katangar da mutane basa gani. Ana so ka biya kuɗin mita da bututu da haƙa da fasa titi duk a dunƙule rana ɗaya. Wanda yake samun kuɗinsa kullum kullum, abinda ya samo yau shi za'a ci yau, zai iya fitar da ɗan kaɗan sau 30 a wata amma bazai iya tara na lokaci ɗaya ba, Hausawa suka ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shi yasa zakaga gida yana kashe kuɗin da ya ninka na jonawar a kan jarka cikin shekara guda, amma har yanzu jonawar ta gagare shi.

Akwai kuma wani tarko da yake bani haushi don da kyakkyawar niyya aka ƙirƙire shi. Hukumomin ruwa da yawa suna tsara farashi hawa hawa, wato litocin farko da gida ya sha a wata suna da araha, in ya wuce wani adadi farashi ya ƙaru, in ya ƙara wucewa ya ƙara tashi, manufar ita ce mai wankin mota da ban ruwan fulawa ya biya da yawa talaka ya biya kaɗan. Toh amma a unguwar awon igiya mita ɗaya gidaje 10 ne ko fiye suke sha a kanta, ko gidan haya mai ɗaki 15 da famfo ɗaya a tsakar gida, kafin sati ya zagayo sun haura hawan ƙarshe, sai ya zama su suke biyan farashin mai kuɗi, shi kuma mai kuɗin da yake zaune shi da matarsa da yara biyu shine yake cin tallafin. Gyaran wannan ba sai an sayi ko bututu ɗaya ba, rijista kawai za'ayi ace wannan mitar ta taron gidaje ce a bata farashinta daban, amma kaga shekaru na wucewa ba'ayi ba.

Matsalar aikin injiniya akwai ta, bazan ce babu ba. Lunguna ƙanana ne mota bata shiga, babu taswira, wasu unguwannin a kan tudu suke ruwa baya hawa sai da injin turawa, wasu a cikin fadama. Amma duk wannan anyi maganinsa a wurare da dama, ana shimfiɗa ƙaramin bututun roba mai lanƙwasuwa ba zurfi, ana jera mitoci a bakin layi wuri ɗaya kowa ya ja nasa zuwa gida. Don haka in kaji ance wai unguwa bata jonuwa, yawanci ba'a so bane.

Batun ko ruwan ne bai isa ba, eh a wasu garuruwan yawan jama'a ya fi ƙarfin matatar, amma kafin ka yarda da wannan ka tambaya nawa ne yake zubewa a hanya. Birane da yawa suna asarar kashi ɗaya cikin uku ko fiye na ruwan da suka tace ta hanyar fasassun bututu da satar jona da mitocin da basa aiki. Phnom Penh babban birnin Kambodiya a 1993 kashi 72 cikin 100 na ruwansu baya kawo ko kwabo, aka naɗa wani injiniya Ek Sonn Chan shugabancin hukumar, ya canza tsofaffin bututu, ya sa mita ko'ina, ya tilasta wa manya har da jami'an gwamnati da na soja biyan bil, cikin shekara 15 asarar ta sauko ƙasa da kashi 10, ruwa ya koma awa 24, talakawa kuma aka sassauta musu kuɗin jona aka basu damar biya kaɗan kaɗan. Ruwan da ake cewa babu, wani kaso mai yawa nasa yana nan yana tsiyaya a ƙarƙashin titi.

Yanzu bari in daɗe a kan abinda rashin famfo a gida yake yiwa iyali, don mutane suna ɗauka wahala ce kawai ta ɗauko. Hukumar Lafiya ta Duniya tace lita 20 ga mutum ɗaya a rana shine mafi ƙaranci, na sha da girki da ɗan wanke hannu, in ana so ayi wanka da wanki yadda ya kamata sai an kai wajen lita 50 zuwa 100. Ka ɗauki gida mai mutum 6, lita 20 kowa jarka 6 kenan a rana, kowace jarka kilo 20, wato kilo 120 na ruwa wani zai ɗauko ko a saya kullum, kuma wannan na maleji ne. In za'a kai lita 50 jarka 15 ake magana. Waye zai iya? Abinda masu bincike suka daɗe da lura dashi shine in zuwa da bin layi da dawowa ya wuce minti 30, yawan ruwan da gida yake amfani dashi faɗuwa yake warwas, in kuma famfon ya shigo cikin gida sai yai tsalle ya ninka. Kuma in ruwa yai ƙaranci ba sha ake ragewa ba, wanke hannu ake ragewa, da wanke kwanon yaro, da wankan jariri, a nan gudawa take samun ƙofa. Mata da 'yan mata su suke ɗaukar mafi yawan wannan nauyin, yarinya tana layin ruwa tun asuba ta makara makaranta, uwa ta rufe sana'arta rabin yini, wannan asarar babu wanda yake rubuta ta a bil.

Sannan ingancin ruwan. Wannan wurin nake so ka natsu, don shine abinda ko masu famfon basu sani ba. Bututun da ruwa yake ciki da ƙarfi awa 24, ko ya tsage waje yake fesowa, datti baya iya shiga. Amma in ana kawo ruwa kwana biyu a sati a ɗauke, lokacin da aka ɗauke bututun zama yake fanko har ya dinga zuƙa, duk inda yake da tsaga ko mugun haɗi sai ya ja abinda yake kewaye dashi, a unguwar awon igiya kuma me yake kewaye dashi? Kwata. Zakaga siraran bututun da mutane suka jona da kansu sun bi ta cikin lambatu an ɗaure haɗin da robar taya, wasu ma sun sa ƙaramin inji suna zuƙo ruwa kai tsaye daga babban layi, wanda hakan ke ƙara jan ƙazanta ya kuma hana na ƙarshen layi samu. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Shi yasa ruwan farko da ya zo bayan ɗaukewa bana bari kowa ya sha, a barshi ya zuba tukuna. Kuma ko ruwan ya iso da tsafta, ajiya tana ɓata shi, duro a buɗe, moɗa ɗaya kowa na tsomawa da hannu, jarkar ɗan garuwa da ba'a taɓa wanke cikinta ba ta yi kore, ga sauron da yake kawo zazzaɓin dengi shi dama a ruwan ajiya mai kyau yake ƙwai.

Toh mu zo kan bohol, wanda shine rabin tambayarka. Bazan ce kar a tona ba, wanda yake jin ƙishirwa yau ba za'a ce ya jira tsarin shekara 10 ba. Amma bohol a cunkoson unguwa ba irin bohol na karkara bane. Ƙa'idar da ake bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da wurin ɗiban ruwa, kai kuma ka duba filin awon igiya, ina zaka samu mita 30 ba masai, in ba naka ba na maƙwabci yana jikin katanga. Rijiya mara zurfi a irin wannan wuri kusan kullum in an gwada ana samun ƙwayoyin kashi a ciki da sinadarin naitiret da yake cutar da jarirai, kuma ruwan garai garai yake a ido, ba wari ba ɗanɗano, shine haɗarin. Abinda ya faru a Lusaka ta Zambiya kenan daga Oktoban 2017 zuwa 2018, kwalara ta kama dubban mutane, unguwanni irin su Kanyama suka fi jin jiki saboda rijiyoyinsu marasa zurfi suna kusa da masai, ƙasar wurin kuma dutse ne mai ramuka, ƙazanta na tafiya a ciki ba tacewa, har sai da gwamnati ta dinga cike rijiyoyin. Bohol mai zurfi da aka yiwa siminti a wuyansa yadda ya kamata ya fi wannan nesa ba kusa ba, amma masu tonawa da yawa suna tsallake simintin don rage kuɗi, wanda ya bada aikin kuma bai san ya tambaya ba.

Na biyu ruwan ƙasa randa ɗaya ce kowa ke sha, in kowane layi ya zura nasa bututu matakin ruwan sauka yake, rijiyoyin talakawa su fara ƙafewa, mai kuɗi ya ƙara zurfi. A biranen bakin teku ruwan gishiri ya shigo, a Jakarta kuwa ƙasar ce kanta take nutsewa musamman arewacin birnin, kuma yawan zuƙar ruwan ƙasa yana cikin manyan dalilai. Na uku, kuma wannan na gani da idona ba sau ɗaya ba, bohol ɗin kyauta da ba'a tsara wa zai kula dashi ba baya daɗewa. Ana buɗewa da biki, bayan wata 8 injin ya ƙone ko an sace allon sola, babu asusu babu mai gyara, tankin ya zama wurin manna fosta. Tona rami shine sashe mafi sauƙi, wa zai sayi mai, wa zai sa kulorin, wa zai gwada ruwan, wa zai riƙe kuɗin kuma wa zai bincike shi, a nan aikin yake.

Abinda na ga yana aiki shine a kawo ruwan hukuma bakin unguwa a daina tambayar takardar fili. A Manila bayan an ba kamfanoni tafiyar da ruwa a 1997, kamfanin ɓangaren gabas ya fito da shiri na unguwannin talakawa ya cire sharaɗin shaidar mallaka, ya jera mitoci a bakin hanya. A Wagadugu ta Burkina Faso hukumar ruwansu ONEA doka bata bata damar aiki kai tsaye a unguwannin da ba'a tsara ba, sai daga 2009 ta fara sayar wa ƙananan 'yan kasuwa ruwa a sari ta babbar mita, su kuma su rarraba cikin gidaje a farashin da aka ƙayyade musu. Irin wannan akayi a unguwar Nyalenda ta Kisumu a Kenya. Senegal ta daɗe tana tallafa wa kuɗin jonawar kanta maimakon zuba tallafin duka a kan farashin lita, wanda a gani na shine daidai, don tallafin farashi wanda yake da famfo ne kaɗai yake cinsa. Afirka ta Kudu kuma daga 2001 ta ɗauki tsarin lita 6,000 kyauta ga kowane gida a wata, abinda aka fara a Durban, wato lita 25 a rana ga mutum in gidan mutum 8 ne, ko da yake gidan da ya fi haka yawa kaga bai ishe shi ba.

Sai dai kar ka ɗauka kowa zai yi murna. Inda babu famfo akwai masu cin riba da rashinsa, masu tanka da masu satar jona, wani lokacin da hannun wasu na cikin hukumar, kuma sukan fasa sabon bututu da daddare. A Karachi ta Pakistan Perween Rahman, wadda take jagorantar shirin unguwar Orangi, ta shafe shekaru tana tattara bayanan yadda ake sace ruwan birnin a sayar a tanka da yadda ake cinye filaye, aka harbe ta a Maris na 2013. Amma ina roƙo a bambance waɗannan da ɗan garuwa mai tura kura, shi talaka ne ɗan'uwan talaka, shine yake riƙe da unguwar a lokacin da kowa ya juya baya. Maimakon a kore shi a bashi wurin ɗiba na halal mai ruwa mai kulorin, a koya masa wanke jarka, in an kafa rumfar sayar da ruwa a fara ɗaukarsa aiki.

In kai mazaunin irin wannan unguwa ne kuma kana so ku motsa, ku fara da ƙirga kanku. Gida nawa, mutum nawa, jarka nawa ake saye a rana, nawa ake kashewa a wata, ku zana layukanku ko a kwali ne ku sa wa gidaje lamba. Hukumar ruwa in mutum ɗaya yaje roƙo take gani, in ƙungiya ta je da lissafin kuɗin da unguwa take kashewa duk wata kwastoma take gani. Ku nemi babbar mita a bakin unguwa, ku nemi a raba kuɗin jona a cikin bil, ku sa 'yan haya da mata a kwamitin don su suka san awa nawa ake yi a layi, in ba haka ba masu gidaje ne zasu jona su ƙara kuɗin haya. Ku kuma yi maganar inda ruwan da akai amfani dashi zai bi, don ranar da famfo ya shigo ruwan wanka da wanki ninkawa zaiyi, in ba magudana unguwar zata zama taɓo.

Kafin nan kuma, ruwan sha a ware shi daban a mazubi mai ƙaramin baki da murfi, a dinga tsiyayowa kar a tsoma moɗa. In ba'a yarda da tushensa ba a tafasa, ko a sa kulorin yadda aka rubuta a jikin kwalbar a jira minti 30, in ruwan yana da laka a bari ya kwanta a tace tukuna don kulorin baya aiki sosai a gurɓataccen ruwa. In kuma kun riga kun haɗa kuɗin bohol, kafin injin ya fara tonawa ku zaga ku ga masai mafi kusa, ku tsaya a kan mai aikin sai ya zuba simintin wuya kuna gani, ku kai ruwan ɗakin gwaji kafin kowa ya sha, sannan ku sake kaiwa a tsakiyar damina, don lokacin ne ruwan ƙasa yake tasowa ya haɗu da ramin masai.